Sisini Mai Jirgin Makafi

Sunan da aka raɗa masa a coci Sisiniyos ne, amma in ban da limamin da ya tsoma shi a ruwa yana jariri, babu wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. A kwatar masunta da ke gindin ganuwar Kustantiniya, kowa Sisini yake ce masa. Daga baya aka yi masa ƙari da "mai jirgin makafi", shi kuwa har ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa waiwayawa ba in an kira shi da shi.

Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin ƙayar kifi. Magana kuwa sai ta zama dole. Jirgin da yake fita da shi gadon ubansa ne, ya tsufa amma ba ya yoyo. Duk abin da taru ya kamo, matarsa Tekla ce ke ɗauka a kwando ta kai ƙofar ganuwa ta sayar, kuma duk maganar da Sisini bai yi ba a rayuwarsa ita ta yi masa. Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya ba. Wanda ya cika musu gida shi ne ƙanin Tekla, Barda mai gurasa, da tanderunsa ke lungun bayan kwata. Tun rasuwar iyayensu ita ta raine shi, kuma har ya yi gemu bai daina zuwa shan romon kifinta ba.

"Mijin yaya," in ji shi in ya hango Sisini ya fito da kwando rabi, "yau ma kifin ne suka yi maka rowa, ko fuskarka suka gani suka nutse?"

"Je ka duba gurasarka. Ina jin ƙauri."

"Ƙaurin aljihunka ne."

Sai Tekla ta jefe shi da kan kifi, a yi dariya, a zauna a ci.

A lokacin, wanda ke kan gadon sarautar Rum yaro ne da ko famfara bai gama ba. Mulki yana hannun 'yan fada, kowa na yagar abin da hannunsa ya kai. Masunta kuwa nasu bala'in shi ne sarkin kwata, wani mai tumbi da ke tsayawa bakin ruwa kowace safiya ya zaɓe manyan kifi ya bar musu ƙanana. Shi ne ya sa aka yi wa uban Sisini bulala a bainar jama'a don ya ɓoye kifi a ƙarƙashin taru, kuma tsohon bai ƙara miƙewa sosai ba har ya mutu.

Saboda haka ranar da labari ya zo cewa wani tsohon jarumi ɗan gidan sarauta, wanda aka kora gabas tun da daɗewa, ya iso ƙetaren ruwa da rundunarsa yana cewa ya zo ceton yaron da talakawa, Sisini bai yi shawara da kowa ba. 'Yan fada sun tsare manyan jiragen yaƙi, amma sun manta da na masunta. Masunta suka yi ta jigilar sojoji tun hantsi har la'asar, Sisini na cikinsu, har kantar hannunsa ta fashe. A zuwansa na ƙarshe wani dogon tsoho mai farin gemu, sanye da alkyabba irin ta kowane soja, ya shigo ya zauna a kan taru yana cin gurasa da albasa. Sai da suka kai tsakiyar ruwa Sisini ya lura da yadda sauran ke sunkuyar da kai in tsohon ya motsa.

"Me ke damun masunta?" tsohon ya tambaye shi.

Sisini ya ce, "Sarkin kwata, ranka ya daɗe."

"Shi kaɗai?"

"Shi na sani."

Tsohon ya yi dariya, ya tambayi sunansa, ya maimaita shi a hankali kamar mai ajiya.

Tsohon jarumin bai daɗe da karɓe fada ba aka rataye sarkin kwata a jikin sandar da ake shanya taru. Masunta suka yi kiɗa, aka ɗaga Sisini a kafaɗa. Tekla ce kaɗai ta ɓata fuska, da ta ga kwanaki na wucewa ba a sauke gawar ba.

"Mugu ne, na sani," ta ce. "Amma ko mugu ne ai a sauke shi a binne. Wari ya kori masu sayen kifina."

In za a faɗi gaskiya, farkon mulkin tsohon ya yi daɗi. Alƙalai suka daina miƙa hannu, masu karɓar haraji suka koyi gaisuwa, aka gyara magudanar da ke kawo wa unguwannin talakawa ruwa. Da aka ce yaron nan ya rasu da wata cuta da ba wanda ya ga alamarta, tsohon kuma ya sa jan takalmin sarauta ya zama Kaisar, mutane suka kau da kai. Sisini ma ya kau da nasa.

Sai ga wani dogarin fada mai suna Gabra ya zo kwata yana cigiyarsa. Kaisar bai manta da shi ba: an ba shi aikin kai saƙon fada tsibiran da ke cikin teku, inda gidajen sufayen coci suke. Da farko man zaitun yake kaiwa, da buhunan alkama, wani lokaci wani tsohon sufi da kajinsa. Aka riƙa kawo musu gari daga fada. Tekla ta yi sabon mayafi, Barda ya koma kiransa "babban hafsan ruwa" yana sara masa da ludayin kwasar gurasa.

Wata safiya Gabra ya sauko da wani mutum riƙe a hannu. Rigar siliki ce a jikinsa, ta ɓaci da jini daga wuya har ƙirji, an ɗaure masa fuska da tsumma. Kowa ya san al'adar gidan sarauta: makaho ba ya hawa gado, don haka wanda Kaisar ke tsoro ba lallai a kashe shi ba, ƙarfe ake gasawa a ƙona masa idanu. Amma ji daban, gani daban. Sisini ya riƙe jirgin dai, aka shigar da mutumin, ya kama tuƙi.

Da suka yi nisa, sai mutumin ya ɗaga kai ya ce, "Ina muke?"

Gabra ya yi kamar bai ji ba. Mutumin ya sake tambaya, muryarsa na rawa irin ta yaron da ya ɓace a kasuwa.

"Mun fita daga bakin kwata," in ji Sisini. "Ganuwa na bayanmu. Ruwan a kwance yake. Wannan jijjigar da ka ji, wani jirgin alkama ne ya wuce ta hagu, ba komai ba ne."

"Ci gaba," mutumin ya ce.

Sisini bai taɓa yin doguwar magana irin ta rannan ba. Ya faɗa masa launin ruwan, da tsuntsayen da ke bin jirgin, da inda tsibirin ya fara bayyana. Da suka isa ya goya shi ya hau da shi tudu har ƙofar sufaye. Ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Washegari ya je ya sami Gabra ya ce shi masunci ne, a bar shi ya koma ga tarunsa.

Gabra ya dube shi da idon tausayi. "Sisini, Kaisar ya san sunanka. Wanda bai san sunansa ba shi ke iya cewa ya gaji. Kana so in je in ce masa mai jirgin da ya ƙetare da shi yanzu ƙyamar aikinsa yake?"

Sisini ya juya zai tafi.

"Ni ma ba so nake ba," in ji Gabra. "Je ka wanke jirginka."

Da Tekla ta ji, ba ta yi faɗan da ya zata ba. Ta buɗe akwati ta yayyage tsohon zanen gadonsu, ta dafa shi, ta shanya. Ta haɗa zuma da man zaitun a ɗan tulu ta miƙa masa.

"Tunda ba ka da ƙarfin ƙi, to kada ka kai ɗan mutane da wannan ƙazamin tsumman nasu. Kuma ka shimfiɗa buzu, katakon nan naka ko mai ido ya zauna a kai sai ya yi kuka."

Abin da aka zaci na ɗan lokaci ne ya zama sana'a. Mulkin Kaisar ya shiga rikici ta ko'ina. Gwamnoni suka yi ta tawaye a larduna, kowane tawaye kuma sai a kamo dangin mai tawayen da ke Birnin Kustantiniya. Abokan gaba daga yamma suka ci wani babban gari suka nufo. Tsohon ya daina yarda da kowa, aka ce yana sa a ɗanɗana masa ko da ruwan sha, aka ce bokaye ba sa barin ɗakinsa. Ya cika kasuwanni da 'yan kai rahoto, har maƙwabci ya koma tsoron maƙwabci. Masu shiga jirgin Sisini ma suka canza. Da manyan hafsoshi ne da 'ya'yan sarauta, sai aka koma magatakarda, sai mai kiwon dawakin wani, sai wanzamin da aka ce ya taɓa yi wa mai tawaye aski.

Kowanne Sisini ya canza masa tsumma, ya zaunar da shi a buzu, ya faɗa masa inda suke. Wasu su yi ta kuka, wasu su tsine wa Kaisar, wasu su tsine masa shi mai tuƙin. Akwai wanda ya roƙe shi ya tura shi cikin ruwa, Sisini ya ɗaure shi da igiya a jikin kujera yana ba shi haƙuri har suka isa. A kwata mutanen da suka ɗaga shi a kafaɗa suka daina zama kusa da shi. In ya shiga coci sai wuri ya buɗe a gefensa. Wasu tsoronsa suke ji, suna zaton yana kai gulma fada. Wasu kuwa kunyar kansu suke ji, sai suka mai da ita ƙiyayyarsa.

Barda kaɗai bai canza ba. Da jiragen alkama suka daina zuwa, gari ya yi tsada, gurasa ta ƙanƙance, wata safiya layi ya yi tsawo a bakin tanderunsa sai wata tsohuwa ta ɗaga tata ta ce, "Barda, wannan gurasa ce ko maɓallin riga?"

"Iya, ba laifina ba ne," ya ce. "Gurasar ma ta waye. Ta ga duk wanda ya kumbura a garin nan jirgin mijin yayata yake shiga, shi ya sa ta ƙi tashi."

Layi ya fashe da dariya. A cikin masu dariyar akwai wanda ya kai maganar fada.

Kafin azahar an zo an tafi da shi, da gari a hannunsa. Tekla ta ruga ƙofar fada ba mayafi, ta yi ta ihu har muryarta ta dushe, aka kore ta da gindin mashi. Sisini ya durƙusa wa Gabra, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba.

"Ka kai ni gaban Kaisar. Ka ce masa Sisini ne. Barda wawan yaro ne, bakinsa ne kawai."

"Ɗansa na cikinsa ma ya roƙi alfarma wa wani jiya, yanzu yana kurkuku," in ji Gabra. "Tashi. Abin da zan iya na yi. Na ce a ba shi ruwan inabi da yawa tukuna, kuma a yi da sauri."

Da safe aka sauko da Barda. Sisini ya yi tunanin abubuwa da yawa kafin wannan safiyar: ya juya jirgin ya nufi gabas, ya buge dogaran da filafilin tuƙi, ya kifar da kowa. Amma dogarai biyu aka haɗa shi da su, ga Tekla a gida, ga shi kuma abin da za a hana ya riga ya faru. Ya kwance tsumman, ya ga abin da aka yi wa fuskar da ya sani tun tana ta yaro, ya shafa masa zumar da Tekla ta haɗa wa baƙi, ya ɗaure. Ya buɗe baki zai fara faɗin inda suke, magana ta ƙi fita.

Barda ma bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi komai yi wa Sisini ciwo. Sai da ƙamshin itatuwan tsibirin ya fara iso su, igiyar ruwa ta ɗan daki jirgin, Barda ya dafa gefe ya ce da wata murya can ƙasa:

"Mijin yaya."

"Na'am."

"Duk shekarun nan, har yanzu ba ka iya tuƙi ba?"

Sisini ya ajiye filafili ya fashe da kuka irin na manya, mai fita da ƙyar. Dogaran suka juya suna kallon ruwa.

Daga rannan Tekla ta daina yi masa magana. Matar da ko a barci bakinta ba ya hutawa, ta koma ajiye masa abinci ta juya baya. Ba ta zage shi ba, da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Amma duk safiyar da Gabra ya aiko, zai tarar da tsumma dafaffe da ɗan tulun zuma a bakin ƙofa, wani lokaci da ƙunshin busasshen ɓaure da ya san na wanda za a kai wa ne. Haka suka ci damina guda da sanyi guda.

Ƙarshen Kaisar ya zo ne ta hanyar da ba wanda ya shirya. Abokan gaba sun matso, yunwa ta kai wuya, mata suka taru a ƙofar rumbun fada suna neman gari. Aka ce wa dogarai su harbe su, dogarai suka tsaya suna kallon juna. Kafin rana ta karkata Birni gaba ɗaya ya tashi. Aka fasa kurkuku, aka naɗa sabon Kaisar a babbar coci. Tsohon ya sa rigar sufaye ya nufi wata ƙaramar ƙofar ganuwa, tsayinsa ya tona masa asiri, aka kama shi.

Da aka ce za a zaga gari da shi, Tekla ta ɗauki dutsen da take danne murfin tulu da shi ta fita. Sisini ya bi ta a baya, ba don yana son gani ba, don kada a tattake ta.

An ɗora shi a kan jaki, fuskarsa na kallon wutsiya. An tuge masa gemu, an cire masa ido ɗaya, an bar masa ɗayan don ya ga abin da ake yi masa. Mahauta, masu wanki, 'yan dako, har waɗanda aka san su ne 'yan kai rahotonsa, kowa na jifa da abin da ya samu. Sisini ya daɗe yana ƙin mutumin nan a ransa, ya zaci in ya ga wannan rana wani abu zai sauka daga ƙirjinsa. Abin da ya gani tsoho ne tsirara, haƙarƙarinsa a waje, leɓensa na motsi, ko addu'a yake ko ruwa yake nema. Hannun Sisini ya kai ga ɗamararsa inda yakan soke tsumma, kafin ya tuna inda yake.

Tekla ta yi jifa da duk ƙarfinta. Dutsen ya sami jakin a kunne. Ta tsaya tana huci, sai ta juya ta kama hanyar gida. Aka wuce da tsohon filin tseren dawaki, inda aka ƙarasa shi. Su ba su je ba.

Amma taron da ya ɗanɗana jini bai ƙoshi ba. Aka bi gidajen duk wanda ya yi wa Kaisar aiki. Gabra dai ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Da la'asar suka iso kwata suna kiran mai jirgin makafi. Suka cinna wa jirgin ubansa wuta yana kallo. Da ya yi yunƙurin kashewa wani ya maka masa sanda a hannu, ƙashi ya karye, ya faɗi, suka rufe shi da duka. A cikinsu akwai waɗanda suka yi jigilar sojoji tare da shi.

Sai ga Tekla da wuƙar gyaran kifi. Ta tsallake shi ta tsaya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Wanda ya ƙara taɓa shi sai na farke shi kamar tarwaɗa! Kai, Kosma, ba kai ka yi kiɗa ranar da aka rataye sarkin kwata ba? Ke kuma ina kike ranar da aka ja ni a ƙasa a ƙofar fada? Duk kun shige ɗaka kun rufe ƙofa! Ƙanina ya kai tsibiri, ƙanina, ba naku ba. In akwai mai hakkin dukan mutumin nan ni ce, kuma ban ba kowa aro ba!"

Taron ya yi turus. Wani ya yi tsaki, wani ya ce a je gidan magatakarda, suka watse. Ta durƙusa ta duba hannun.

"Kai ma sai ka tsaya kamar turke ana dukanka," ta ce. "Tashi mu je, jakin banza."

Ya ce bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Kwata ba ta zaunu musu ba bayan haka. Da hannun ya ɗan haɗe, a karkace, suka tattara tukwanensu wani masunci ya kai su tsibiri, Sisini na zaune a tsakiyar jirgi kamar kaya. Sabon Kaisar ya yi afuwa, don haka masu dangi da dukiya an riga an zo da manyan jirage an kwashe su. Waɗanda suka rage su ne marasa kowa: wanzamin nan, mai kiwon dawaki, 'yan magatakarda, da wasu da matansu suka riga suka yi wani auren. Suna zaune a 'yan bukkoki a gindin gidan sufaye.

Barda kuwa ya ƙwace tanderun sufaye tuntuni. Ya ce ya gaji da cin dutsen da suke kira gurasa. Da hannu yake gane kwaɓi, da hanci yake gane nuna, har ya fara mai da ƙiba. Da ya ji muryar yayarsa ya saki ludayi, suka rungume juna suka daɗe. Sannan ya miƙa hannu yana lalube har ya kama karkataccen hannun Sisini, ya shafa shi daga kafaɗa zuwa yatsu.

"To, madalla," ya ce. "Ni ba ido, kai ba hannu. Yaya, in kika haɗa mu biyu kin sami namiji ɗaya."

Ba kowa ne ya karɓe shi haka ba. Wani tsohon magatakarda, duk sanda ya ji muryar Sisini sai ya tofar da yawu, ya ce muryar nan ita ce abu na farko da ya ji a cikin duhu kuma ba ya son ƙara jin ta. Sisini bai taɓa ba shi amsa ba. Yakan ajiye masa tulun ruwa a bakin bukka ya wuce ba tare da sallama ba, mutumin kuma yakan sha, har ya mutu ba su shirya ba.

Tunda tuƙi ya gagare shi, sai ya koma gyaran tarun sufaye da ɗiban ruwa. Ya lura makafin na yawan faɗuwa a gangaren rijiya, sai ya tattara tsofaffin igiyoyin jirage ya kakkafa turaku, ya ja igiya daga bukkoki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa coci, daga coci zuwa bakin ruwa, ya yi ƙulli a duk inda akwai dutse ko kwana. Sufaye suka yi ta ƙorafi igiyar na harɗe musu riga, daga baya su ma tsofaffinsu suka koma kama ta.

Sarakuna suka yi ta canzawa a Birni. Gasa ƙarfe ya ragu amma bai ƙare ba. Lokaci lokaci sai a hango jirgi ya nufo da mutum ɗaure da fuska, wani mai tuƙin daban, kansa a sunkuye. Sisini yakan riga kowa sauka bakin ruwa. Ya kama hannun baƙon ya ɗora a kan igiya, sannan ya koma ya ba mai jirgin ruwa da gurasa, abin da Tekla ta daɗe ba ta gane dalilinsa ba.

Ya tsufa sosai a tsibirin. Ya rasu lokacin nunar ɓaure, da rana tsaka, a zaune a inuwa da taru a cinyarsa. Barda da ke gefensa ya yi ta zuba masa surutu, sai da ya ga shirun ya wuce na kullum ya taɓa shi.

Sufaye suka ce su za su ɗauki makara. Makafin suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta jayayya har shugaban sufaye ya gaji ya ce a bar su. Maƙabarta tana bayan tudu, inda igiya ba ta kai ba, don haka Tekla ce ta shiga gaba, ta tsufa ta ranƙwafa amma muryarta na nan.

"Dama! Na ce dama, wanzami, wannan hagunka ce! Barda, ɗaga naka ɓangaren, za ka zubar mini da miji!"

"Yaya, nauyi ne da shi. Me kike ba shi?"

"Rufe mini baki ka kula da dutse."

Suka yi karo da itacen zaitun, suka ajiye suka huta, suka sake ɗauka. Waɗanda ke biye a baya kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, suna rera waƙar coci, kowa da inda ya kama. Sufayen da ke gefe wasu na share hawaye, wasu na danne dariya. Rana ta yi nisa kafin su kai, amma sun kai shi.

Tekla ta ƙi komawa Birni ko da wata 'yar'uwarta ta aiko a ɗauke ta. Ta zauna da ƙaninta, shi yana gashi ita tana rabawa, suna faɗa kullum a kan gishiri. Ta riga shi rasuwa da damina biyu.